Wata Biyu Jirginmu Bai Nitse Ba

Ban taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ranar da shugabata a wurin aiki ta zo ta tsaya a gabana, ta riƙe ƙugu, ta tambaye ni yadda aka yi jirginmu ya daina nitsewa. A lokacin saura mako uku in cika watanni shida na gwaji a tabbatar da ni. Na rubuta wannan ne domin ku ƙannena da kuka shigo aikin a bayana, kuma zan fara daga tushe saboda waɗanda ba su san aikin ba.

Sunana Isiyaku, mutumin Funtuwa. Bokona ya tsaya a aji shida na firamare. Na yi wankin mota, na yi dakon kaya a wani kanti a Bronx, kafin Allah ya ba ni aiki a wani ƙaramin gidan tarihi da ke bakin ruwa a ƙasan Manhattan. Gidan nan labarin jirgi ɗaya tak yake bayarwa. Babban jirgin ruwa ne na fasinja da ya tashi daga nan New York a zamanin yaƙin duniya na farko. Ya kusa isa inda za shi ke nan wani jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya harbe shi, ya nitse cikin ɗan lokaci. Waɗanda suka mutu sun fi waɗanda suka tsira yawa.

A samanmu duka akwai wata tsohuwar Baturiya da muke kira Dakta. Ita ce ta ƙare ƙuruciyarta tana rubuta wa dangin mutanen jirgin wasiƙu, tana tattara tarihinsu ɗaya bayan ɗaya, daga attajiran da ke ɗakunan sama har masu zuba kwal a wutar inji. Ƙarƙashinta sai Madam Rifkatu, 'yar Kafanchan, shugabar masu tarbar baƙi. Sai mu masu tsayuwa: mai ƙofa, masu tsaron ɗakuna, da mai ajiyar rigunan sanyi. Anti Memuna, 'yar zangon Kumasi, ita ce a wurin riguna. Ni aka ba ƙofa.

Ga yadda aikin ƙofa yake. Duk baƙon da ya nuna tikiti sai ka miƙa masa kati ɗaya. A jikin katin akwai sunan wani da ya hau jirgin, da shekarunsa, da sana'arsa, da abin da ya sa shi tafiya. Ba a rubuta ƙarshensa ba. Baƙo zai riƙe katin ya bi ɗakuna huɗu, sai a ɗaki na ƙarshe ya tarar da bango mai sunaye, waɗanda suka tsira a dama, waɗanda suka rasu a hagu. A nan zai nemi mutuminsa ya ga inda ya faɗa. In zai fita ya jefa katin a akwati. Da safe mai ƙofa ya kwashe, ya cakuɗa su sosai, ya riƙa miƙawa daga sama ba tare da ya duba ba. Wannan doka a rubuce take, kuma na sa mata hannu ranar da na fara.

Dole in gaya muku halina, don shi ne ya jawo komai. Ni mutum ne mai wasiwasi. Sau nawa na kai tashar jirgin ƙasa na D a titin Grand Concourse na juyo gida don in sake taɓa ƙofa. Matata Hajara takan ce ko tukunyar da ba a ɗora ba ina tsoron kada ta ƙone. Ga shi aikin nan shi ne na farko da na samu mai inshorar asibiti, Hajara kuwa tana fama da hawan jini. In aka sallame ni, likitanta da maganinta sun tafi. Don haka takalmina kullum a goge, kuma nakan riga mai buɗe gida zuwa.

A wata na uku wata mata mai tsohon ciki ta zo da mijinta. Na miƙa musu kati daga sama yadda aka koya mini. Bayan kamar awa ɗaya suka fito ta gabana tana kuka, mijin yana riƙe da ita. Ya ajiye katin a kan teburina, ya yi mini wani irin kallo. Da suka tafi na duba. Katin wata mata ce da ta hau jirgin da jaririnta na goye, kuma su biyun duka a hagu suke.

Ranar ko abincin rana ban iya ci ba. A garinmu mai ciki ko labarin mutuwa ba a son a yi a gabanta, balle ka ɗauki sunan wadda ta nitse da ɗanta ka damƙa mata a hannu ka ce ta riƙe. Na ga kamar mugun fata na yi mata. Na yi ta istigfari, na yi mata addu'ar sauka lafiya, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Sai na yi dabara. Duk hutun rana sai in tafi ɗakin ƙarshe da ɗan littafina in kwafi sunaye. Kusa da bangon akwai wani ƙaton littafi da Dakta ta ajiye, mai cikakken tarihin kowa. Na shiga karanta shi da yatsa, kalma bayan kalma, wadda ta gagare ni in tambayi waya. Kafin wata ya zagayo na san mutanen jirgin nan kamar 'yan unguwarmu. Da safe in na kwashe katuna sai in raba su biyu: masu tsira a aljihun dama na kwat, matattu a aljihun hagu.

Niyyata masu ciki kaɗai. Amma yaro ɗan shekara bakwai ya zo yana tsalle, wa zai ba shi mamaci? Sai na ƙara yara. Tsohuwa ta zo da sanda tana numfashi sama-sama, na ƙara tsofaffi. Ango da amarya suka zo riƙe da hannun juna, na ƙara su. Mai tari, dama. Wanda ya yi mini murmushi, dama. Rannan wani magidanci ya tambaye ni hanyar jirgin fito na Staten Island, ya ce da sun fito can za su. Mutumin da zai hau ruwa da iyalinsa da yammacin nan! Hannuna da kansa ya tafi dama. Daga ranar na ƙara duk wanda na ga alamar zai hau jirgin fito, kuma a unguwar nan kusan kowa yana da alamar.

Aka wayi gari ba wanda nake ba katin hagu sai masu shigowa suna waya ko kallona ba sa yi. Wata rana na ba wani mai ɗaga hanci katin hagu, na kuwa ji daɗi a raina. Ina idar da sallar la'asar a ɗakin hutu abin ya faɗo mini: Isiyaku, yanzu kai ne mai zaɓen wanda zai mutu? Daga nan na daina ba kowa. Na tattara katunan hagu duka, na naɗe su a farin hankici sabo, na sa a saman lokata, wato durowar ajiyar kayana, nesa da takalma.

Anti Memuna ce ta fara ganewa. Da ma baƙi in sun zo karɓar rigunansu idonsu ja, sai ta miƙa musu tishu. Ta tare ni a ɗakin hutu tana juya waken da ta zo da shi.

"Ei, Malam Isiyaku! Kwalin tishuna sati biyar bai ƙare ba. Me kake yi a ƙofan nan?"

Na ce, "Aikina nake yi, Anti."

"Aikinka? Kowa na fitowa yana dariya kamar an dawo daga suna. Kai ka zama kyaftin paa, cikakken kyaftin ɗin jirgi! Abin da Turawa da jiragensu suka kasa, ɗan Funtuwa ya yi da aljihu."

"Don Allah rage murya."

"Na rage. Amma ranan da za su kama ka, wallahi ban san ka ba. Ko gaisuwa ba mu taɓa yi ba."

Na so in mayar da katunan. Kullum da safe sai in buɗe loka in ɗauko hankicin, in tuna fuskar matar nan, in mayar in ce gobe.

Ranar Alhamis ɗin da na faɗa muku, wata malamar makaranta ta kawo ajinta. Ashe kowace shekara takan zo, kuma tana da yadda take koyarwa. In sun isa bango sai ta ce wanda mutuminsa ya tsira ya tsaya dama, wanda nasa ya rasu ya tsaya hagu, don yara su gani da idonsu yadda hagu ke cika. Ranar ta ba da umarni, ajin nan kakaf ya kwashe ya koma dama. Yara suka kaure da ihu suna tafawa. Malama ta tsaya ita kaɗai a tsakiya da takardar darasinta. Ta duba nata katin, ita ma dama. Sai ta je ofis ta tambaya cikin ladabi ko an yi wani sabon bincike ne da ba ta ji ba.

Madam Rifkatu ba ta yi mini Hausa a bakin aiki sai magana ta yi nauyi. Da na ga ta nufo ni na san ta ƙare.

"Malam Isiyaku, yaya aka yi jirgin nan ya daina nitsewa?"

Ni ban iya ƙarya ba. Ba tsarki ne ya yi mini yawa ba, gumi ne ke tona ni. Na ce, "Ranki ya daɗe, zo ki gani." Na kai ta loka, na ɗauko hankicin da hannu biyu na ba ta, na faɗa mata komai tun daga mai ciki har jirgin fito.

Ta yi dariya har sai da ta zauna a benci tana share ido. "Jirgin fito! Wayyo Allah, Malam, za ka kashe ni." Can ta tsaya, ta gyara fuska. "To, dariya daban, doka daban. Ka sa hannu a takarda, kuma malamar nan a rubuce ta bar tambayarta. Ba zan iya rufewa ba. Litinin ƙarfe goma, ni da kai, ofishin Dakta."

"Kora ce, Madam?"

"Ban sani ba. Katunan nan su ne ran Dakta. Ka dai zo da gaskiyarka."

Kwana ukun nan sun fi mini wata uku tsawo. Na buɗe kwalbar maganin Hajara na duba abin da ya rage ya fi sau goma. Da na gaya mata, sai ta tashi ta jona dutsen guga ta ɗauko yunifom ɗina. Ta ce, "In korar ka za su yi, Malam, su kore ka fes. Kuma ka daina taɓa mini kwalba, kai ne za ka tayar mini da jinin."

Litinin tun tara da rabi ina ƙofar ofis. Dakta tana zaune, hankicin yana gabanta ba a kwance ba. Madam ta zauna gefe don ta taimaka inda Turancina ya gaza. Tambayar farko da Dakta ta yi ita ce me ya sa farin ƙyalle. Na ce a wurinmu da fari ake suturta mamaci, kuma ban ga ya dace in ɗaure su da roba kamar ganyen alayyafo ba.

Ta kwance a hankali. Ta zaro kati ɗaya ta karanta sunan, kamar da kanta take magana. Bakina ya riga ni. Na ce ai wannan mai zuba kwal ne, ba ma shi ya kamata ya yi tafiyar ba, ƙanensa ne ya kwanta ciwo ya karɓar masa don kada gurbin ya salwanta. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta zaro wani. Na ce tela ce, shekara tara tana ɗinki a nan birnin, za ta koma gida da keken ɗinkinta ta buɗe shago kusa da uwarta. Ta zaro na uku, ta rufe rubutun da hannu ta bar sunan kaɗai. Na faɗa mata. Muka yi haka ya kai sau goma sha biyu. Madam ta daina fassara, ta zuba mana ido.

Dakta ta ce, "Duk ka karanta littafin?"

Na ce, "Sai da na san su kafin in iya raba su."

Ta koma kan katin farko ta riƙe shi. Ta ce mutumin nan ba a ga gawarsa ba, ba shi da kabari a ko'ina a duniya. Jikarsa ce ta aiko da hotonsa guda ɗaya da ya rage, tana tsohuwa a lokacin, kuma abu ɗaya ta roƙa: a samu wanda zai riƙa faɗin sunansa. Ta ce, "Wata biyu ba wanda ya faɗa. Teku ta ɓoye shi, na sha wuya na nemo shi, kai kuma ka sa shi a loka."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ni da nake ambaton sunan mahaifina a addu'a kowace Juma'a don kada nisa ya sa ya ɓace mini, ban taɓa kawo wa raina cewa su ma abin da ya rage musu ke nan ba. Ina ta tausayin masu shigowa da ƙafafunsu, na manta da waɗanda aka gina gidan dominsu.

Duk da haka na yi ƙarfin hali na ce, "Dakta, mai cikin nan fa? Ta fita tana kuka, ba wanda ya ce mata komai."

Ta ajiye katin. Sannan ta tambaye ni, a garinmu in mutum ya yi rashi ɓoye masa muke yi? Na ce a'a, faɗa masa ake yi, amma ba a barinsa shi kaɗai. Zuwa ake yi a zauna da shi, a ba shi haƙuri, a faɗi alherin mamacin. Madam ta ƙara mata bayanin yadda zaman makoki yake, ta ce su ma a Kafanchan haka ne.

Hukunci ya fito kafin azahar. An ba ni takardar gargaɗi. An ƙara mini wata uku a kan gwaji. An cire ni daga ƙofa, an mayar da ni ɗakin ƙarshe, wurin bango. Katuna kuma suka koma akwati duka, a cakuɗe. Na fito ina godiya ga Allah ba kora ba ce, amma a raina na ce an kai ni ɗakin kuka don in ɗanɗana abin da na guje wa.

Kwanakin farko a ƙame na tsaya kamar soja. Aikin mai ɗaki shi ne ya hana taɓa kaya, ya nuna hanyar fita, ya amsa in an tambaye shi. Da takardar gargaɗi a fayil ɗina ban ga ta ƙara ko kalma ɗaya ba. A rana ta huɗu wani ƙaton mutum ya shigo da rigar direbobin bas. Ya bi dama da yatsa har ƙasa, bai samu ba. Ya koma hagu. Yatsan ya tsaya. Ya yi tsaye a wurin, kafaɗunsa suka sauka, shi kaɗai a ɗakin sai ni.

Na yi ta gardama da kaina. In na yi magana aka ce na dami baƙo fa? In na yi shiru kuma, me na gaya wa Dakta da bakina? Na matsa kusa, na leƙa katinsa, na ce masa da Turancina, "Sannu. Sai haƙuri. Wanzamin jirgin ne ka samu, mutumin kirki ne." Na ba shi labarin da ke littafi: yadda yake yi wa yaran ɗakunan ƙasa aski kyauta in manya sun tafi cin abinci, da yadda wani attajiri da ya tsira ya rubuta cewa rabin gemunsa aka aske lokacin da jirgin ya girgiza, haka aka tsamo shi daga ruwa da rabin gemu. Direban ya fashe da dariya, hawaye na zuba. Ya tambaya ko wanzamin ya bar 'ya'ya. Na ce biyu. Ya karanta sunan da ƙarfi sau biyu, ya kama hannuna ya girgiza har sai da kafaɗata ta amsa.

Ina juyowa na ga Dakta a bakin ƙofa da fayil a hannu. Ta dube ni, ta ce gefen hagu na gemun attajirin aka aske, in zan faɗa in faɗa daidai. Ta wuce abinta.

Tun daga ranar, wanda nasa ya rasu in yi masa ta'aziyya in ba shi labarin mutuminsa. Wanda nasa ya tsira in ce masa barka da arziki, in gaya masa abin da ya yi da sauran rayuwarsa. Wanda na ga shiru yake so in bar shi da shirunsa, in dai tsaya inda zai gan ni. Masu ciki sun ci gaba da zuwa, wasu kuma hagu suke faɗawa. Har yau gabana yana faɗuwa in na hango su, sai dai yanzu kujera nake jawowa.

Da wata ukun suka cika Madam Rifkatu ta kira ni ofis ta miƙo mini ambulan. Na tsaya ina juya ta a hannu, na kasa buɗewa.

Ta ce, "Buɗe mana, Malam. Kana dama."

Anti Memuna, wadda ta rantse ba ta san ni ba, ita ce ta fara rangaɗa guɗa a ɗakin hutu, har mai tsaron ɗaki na biyu ya rugo yana tambaya ko gobara ce.

Abin da na koya shi ne, mai tsayuwa a gidan tarihi mutane biyu yake yi wa aiki: wanda ya shigo da tikiti, da wanda sunansa ke jikin kati. Na farkon yana da baki, in ka ɓata masa zai je ofis. Na biyun ba shi da kowa sai kai. Na kuma gane mutanen birnin nan, duk saurinsu da wayoyinsu, ba su da raunin da na ɗora musu. Suna iya ɗaukar labari mai nauyi in an samu mai kama musu gefe ɗaya. Dokar da na ga kamar rashin tausayi ce, wadda ta rubuta ta ta fi ni sanin dalili, kuma da na tambaya tun ranar farko da ban wahalar da kaina da aljihu biyu ba.

Don haka kai da aka ba ƙofa, cakuɗa katunanka da kyau, ka miƙa wanda ya zo hannunka, kada ka duba. In tausayi ya kama ka, bar shi ya kama ka, ka miƙa. Ina can ɗakin ƙarshe ina jiran su.